Ɗan Malam Ya Tafi Duba a Chile

Abu na farko da ƙasar Chile ta tarbe ni da shi sanyi ne, a watan da ba shi da dalilin yin sanyi. Na baro Dutse damina ta kankama, gero ya kai gwiwa a gonakin bayan unguwarmu Limawa, na sauka a Santiyago da shaddata mai shara-shara da hula, sai na tarar kowa ya dunƙule cikin riga mai kauri, tururi na fita daga bakinsa. Na san a can ƙasan duniya lokutan shekara a juye suke, har jarrabawa na ci a kan haka. Amma sanin bai hana haƙorana haɗuwa ba tun daga bakin jirgi har bakin titi.

Sunana Sagir. Mahaifina malami ne mai makarantar allo a Limawa, gari na ce masa Malam, mu kuma mu ce Baba. Ni kaɗai ne a cikin 'ya'yansa boko ya ja da nisa. Na karanta lissafi da fiziks, daga nan wata jami'a a Chile ta ba ni gurbin ƙaro karatu. Da na je neman izini ya tambaye ni abin da za a koya mini, na ce lissafi ne da nazarin haske. Ya ce haske ba abin gudu ba ne, ya sa mini albarka. Ban yi masa ƙarya ba, sai dai zancen bai kai ga taurari ba, shi ma bai tambaya ba.

Baba mutum ne mai son baƙo, zaurenmu ba ya rabuwa da matafiyi. Yana da wata al'ada da muke kwaikwaya muna yara mu yi ta dariya: ba ya tambayar baƙo labarin garinsu sai ya fara tambayarsa yaushe ya baro gida. A cewarsa, in mutum ya yi wata guda a hanya, to labarin da ke bakinsa ma ya yi wata guda, kada a ɗauke shi a matsayin na yau. Na tuna da zauren nan sosai a ranar da na sauka, domin ni dai ba irin tarbar da na samu ba ke nan.

Direban tasi da ya ɗauke ni mutum ne mai fara'a, yana ta kirana amigo, wato aboki, yana buga mini kafaɗa. Muka wuce gunkin wani soja a kan doki. Can an jima muka sake wuce wani irinsa, na ce a raina lallai ƙasar nan tana girmama sojojinta. Sai da muka sake zuwa na lura dokin ɗaya ne, har kashin tsuntsun da ke kunnensa bai canza ba. Na nuna masa da yatsa, ya yi dariya ya daki sitiyari, ko kunya bai ji ba. Daga ƙarshe ya ajiye ni a adireshin ɗakin da na kama tun ina gida ta hannun wani mai daɗin baki a intanet, ya ja motarsa. Na ɗaga kai, sai ga ni a gaban shagon faci. Mai facin ya karanta takardar, ya girgiza kai irin na wanda ya saba ganin irina, ya koma kan tayarsa.

Na zauna a kan akwatina a bakin titi, hawaye na neman zubowa ina mayar da su, don ban san ko a garin maza na kuka a titi ba. Ina nan sai wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke maƙwabtaka da shagon, gajera mai farin gashi, hannunta duk garin fulawa. Ta yi mini magana mai tsawo, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ni ma na yi mata Turanci, ita ma ba ta ji ba. Sai kawai ta kama hannun akwatin ta fara ja, dole na tashi na bi kayana. Sunanta Marta, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, burodi take gasawa tana sayarwa. Ɗakin ɗanta ta buɗe mini, ta ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi ta marigayin mijinta ta yafa mini. A gidan nan na zauna har ƙarshen zamana a birnin, ina ce mata Mama Marta.

Maganar abinci ce ta fara haɗa mu rigima. Ina so in gaya mata ba na cin alade, ba ni da kalmar, sai na ɗauki biro na zana shi na ja masa layi. To ni ban taɓa iya zane ba. Ta duba, ta dafe ƙirji, ta shiga rantse-rantse da hannu da ka, ashe kare ta gani, tana zaton ina tambaya ko suna cinsa. Sai da na ajiye girma na yi mata kukan alade a tsakiyar kicin sannan ta gane, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Daga ranar tukunyata daban, kifi da wake da ƙwai. Da ta ga ina salla a lungu tsakanin gado da tebur, washegari na tarar ta janye teburin ta share wurin, kuma duk lokacin da na tayar da kabbara sai ta kama kyanwarta ta riƙe har in sallame. Abu ɗaya ne ya gagara, sunana. A harshensu harafin da ke tsakiyar Sagir ba haka ake furta shi ba, don haka da ta ga sunan a rubuce sai ta karanta shi Sahir. Na gyara, na sake gyarawa, na gaji na bar ta. Na san a Larabci sahir mai sihiri ne, amma na ce wa zai ji a nan.

A jami'a aka haɗa ni da Farfesa Ines, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ba ta rabuwa da kofin shayi. Ita ta zaunar da ni ta nuna mini aikin. Akwai manyan maduban hangen nesa a kan duwatsun arewacin ƙasar da ke yi wa sama safiyo, suna ɗaukar hotonta yanki-yanki kamar yadda masu safiyo ke bin fili, kowane yanki a ɗauke shi da launin haske daban-daban. A cikin hotunan akwai ɗigo miliyoyi, mu kuma wasu 'yan ƙalilan muke nema. Taurari garke-garke suke, kuma a tsakiyar wasu garkunan akwai wani baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso shi. Abin da yake haɗiyewa yakan yi zafi kafin ya faɗa, ya yi hasken da ya fi na dukkan taurarin garken a haɗe. Saboda tsananin nisa, mu a nan ɗan ɗigo kawai muke gani, kamar tauraro. Wannan ɗigon a bakin mutanen Chile sunansa kwasar. Da na ji sunan na yi murmushi, na ce kwasar me, amma ba wanda zan yi wa barkwancin ya gane.

Masu nisan gaske su ne abin nemanmu, kuma suna da alama. Haskensu ya daɗe yana tafiya, a hanya ya miƙe ya koma ja, iskar da ya ratsa kuma ta cinye shuɗin da ke cikinsa. Saboda haka in ka duba hoton shuɗi ba ka ganin komai, sai a hoton ja ɗigon zai fito. Kwamfuta ce ke fara tankaɗewa, abin da ya rage kuma mu bi shi da ido ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya yi kama da tsintar shinkafa, sai dai mu tsakuwar muke so. Matsalar ita ce akwai wasu ƙananan taurari masu sanyi a nan kusa da mu, cikin garkenmu, su ma ja ne, su ma ba sa fitowa a shuɗi, sai su yi shigar manya su shiga layi. Ni na sa musu suna 'yan damfara, don duk wanda na kama sai ya tuna mini da mai ɗakin shagon faci. Farfesa ta ji daɗin sunan har ta koyi faɗarsa da Hausa.

Kewar gida kuwa ba ta bar ni ba. Ranar da ta fi damuna ita ce Juma'a, in na tuna yadda ake fitowa daga masallaci a bi ta wajen masu rake da masu awara. A irin wannan rana ce na ɗauki waya na yi wa Inna, mahaifiyata, saƙon murya, ina cikin nishaɗi don na fara gane kan aiki. Na ce mata, "Inna, ki kwantar da hankalinki, na samu wuri. Aikina kullum duba taurari ne, daga safe har yamma ina duba. Kwasar muke nema, kuma an ce in Allah ya yarda hannuna zai yi kyau." Ina cikin magana Mama Marta ta ƙwala mini kira daga kicin, Sahir, Sahir, abinci ya sauka. Na tura saƙon haka nan na tafi cin kifina.

Inna ba ta iya buɗe saƙo ba, sai ta jira wanda zai buɗe mata. Wanda Allah ya kawo ranar shi ne ƙaninta, Kawu Idi, direban motar haya tsakanin Ringim da Dutse, mutumin da labari ba ya kwana a bakinsa. Ya saurara, ya sake saurara, sannan ya ɗauki wayar ya nufi zaure, ya kunna wa Baba a gaban almajiransa manya da baƙi. Daga baya Inna ta ba ni labarin yadda aka yi fassarar. Kawu ya ce magana a fili take, yaro da bakinsa ya ce duba yake yi, kuma kwasar da ya ambata ai ba a kwasar komai a wannan sana'a sai kuɗi. Baba ya saurara har aka zo wurin kiran Mama Marta. Ya sa aka maimaita wurin. Sannan ya ce, a hankali, har suna sun ba shi. Ya tashi ya shiga gida.

Tun daga ranar Baba ya daina karɓar wayata. In na kira Inna na ce ta miƙa masa, sai ta dawo ta ce ya ce ba shi da magana da mai duba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin tun da na zo muryarsa ce ke riƙe ni, ko da gaisuwa ce kawai da Allah ya yi albarka. Na shiga aika bayani ta bakin Inna, kowane bayani kuma sai ya ƙara dagula lamarin. Na ce ba duba ba ne, ilimin taurari ne, aka ce ai shi ne sunansa na malamai. Na ce da lissafi ake yi, aka ce dama masu hisabi da lissafi suke yi. Na ce wallahi madubi ne kawai muke amfani da shi, Inna da kanta ta yi salati ta ce in daina faɗa mata irin kayan aikin. Na ce to ai Baba ma yana fita duban wata. Amsar da ta dawo ita ce, wata bai taɓa gaya wa kowa wadda zai aura ba.

Kawu Idi kuma ya ɗauki lamarin a matsayin abin alfahari. Duk fasinjan da ya shiga motarsa sai ya ji cewa ɗan yayarsa Turawa sun ɗauke shi duba, kuma yana raba lambata kyauta. Wayata ta koma kamar ta ofishin 'yan sanda. Wata mata daga Takur tana so in duba mata ko mijinta zai samu ƙarin girma. Wani mai neman kansila ya ce in taimaka, ba zai manta da ni ba. Duk ina ba su haƙuri ina cewa ba aikina ba ne, su kuma suna cewa sun sani, manyan ai ba sa yarda da wuri. Wanda ya gama da ni shi ne wani Alhaji Tanko daga Ringim, da akuyarsa ta ɓata. Ya kira ni ina tsakiyar aiki, ya ƙi ajiye waya. Don in rabu da shi na ce, Alhaji, kaka ce fa yanzu, ka je ka duba gonar wake mafi kusa da gidanka. Ya je. Akuyar tana can tana cin ganye. Kafin sati ya zagayo labarin ya kai Limawa da ƙari, har an ce na faɗi launin igiyar da ke wuyanta.

Ni ina iya dariya daga nesa, amma Baba a cikin abin yake zaune. Mutumin da ya shekara yana hana mutane zuwa wurin masu duba, yau ga shi ana sallama a zaurensa ana neman lambar ɗansa. Wasu iyaye suka fara ƙus-ƙus a kan makarantar. Sai ga saƙo ta bakin Inna: Malam ya ce in tattara kayana in dawo kafin a ga watan azumi. In na dawo, ɗansa ne ni. In na zauna, to in nemi albarka a wurin taurarin. Na kwana biyu ban iya cin kifin Mama Marta ba, har ta fara taɓa goshina tana neman zazzaɓi. Ban yi dogon tunani ba, don ni na san ba zan iya zama a kan fushin Baba ba, ko da me za a ba ni. Na yanke shawarar komawa. Na gaya wa Farfesa Ines, na yi ta fama in bayyana mata yadda kalma ɗaya take nufin kallo kuma take nufin bokanci. Sai ta ce an ba mu lokaci a babban madubi kafin azumin nawa, kuma 'yan ɗigon da za a gwada ni na tsince su, don haka ko zan tafi sai na je na ga abin da na tsinta.

Tafiyar arewa a motar safa muka yi ta, doguwar tafiya mai gajiyarwa. Mama Marta ta cika mini jaka da burodi da dafaffen ƙwai kamar wanda zai ciyar da motar gaba ɗaya, kuma haka aka yi, don wata mata mai goyo da ke gefena ita da 'ya'yanta suka taya ni. Tun muna ganin gonakin inabi har kore ya ƙare, ƙasa ta koma ja, babu itace babu ciyawa babu ko tsuntsu. Ni da nake taƙama na fito daga garin duwatsu, sai na ga namu na Dutse a nan ko matashin kai ba za su yi ba. Daga wani ƙaramin gari wata mota ta ɗauke mu ta fara hawa da mu. Kunnena ya toshe, kaina ya fara sarawa, leɓena ya tsage. Da muka isa na fito da sauri in nuna ni ma namiji ne, ban yi taku kaɗan ba na ji numfashi ya ƙare, na zauna a kan dutse ina haki. Mai dafa abincin wurin ya kawo mini ruwan zafi da wani ganye, ya yi mini alama da hannu in riƙa tafiya kamar tsoho. Da na ce masa ba na cin alade, wannan karon da kalmar na faɗa, ban yi kukan alade ba.

Da rana ta faɗi na yi magariba a bayan ginin, na ɗaga kai. Ban taɓa ganin sama ta cika haka ba, kuma ban gane kowa a cikinta ba sai can na hango taurarin Kaza da 'Ya'yanta, su ma sun koma wani gefen da ban saba ganinsu ba. Na ji kamar na haɗu da 'yan unguwarmu a tasha. Aikin kansa ba abin ba da labari ba ne, zama ne a ɗaki mai ɗumi gaban kwamfuta, ba ma ka ganin madubin. Ana juya shi kan ɗigo, a tara haskensa, a warware shi kamar bakan gizo, sai ya fito a allo a matsayin layi. In ɗan damfara ne, layin yakan tashi a hankali yana tuntuɓe. In na gaske ne, layin zai kwanta shiru a ƙasa, sannan ya miƙe tsaye lokaci guda kamar katanga. Ɗigon farko ɗan damfara. Na biyu ma haka. Haka muka yi ta bi, Farfesa na kurɓar shayi tana faɗin 'yan damfara da Hausarta mai ban dariya, ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa, don na fara tunanin zan koma gida ba albarkar karatu, ba kuma abin nunawa.

Gari ya kusa wayewa muka juya kan wani ɗan mitsitsin ɗigo da na daɗe ina shakkar sa shi a layi. Na fita na yi asuba na dawo, na tarar Farfesa a tsaye, kofin na gefe. Ta nuna mini allo. Layin ya kwanta, ya kwanta, sannan ya miƙe. Ta yi lissafi a gabana, ta sa ni ma na yi nawa, muka samu abu ɗaya: hasken nan ya fi shekara biliyan goma sha biyu yana tafiya. Ya baro gida tun babu rana, babu ƙasar da muke takawa. Na zauna. Farin ciki ne da ban taɓa jin irinsa ba, kuma a cikinsa mutum ɗaya kawai nake so in gaya wa, shi kuma ba ya ɗaukar wayata.

Na tura wa Inna hoton ɗigon, na ce ga abin da na zo nema, na samu, yanzu zan fara shirin dawowa. Na fita na zauna a rana ina cin sauran burodin Mama Marta. A Dutse lokacin an kusa azahar. Sai waya ta yi ƙara, lambar Kawu Idi. Na kusa ƙin ɗauka, don na zaci wata akuyar ce. Da na ɗauka sai na ji gyaran murya, na san ta tun kafin a yi magana. Na tashi tsaye, na cire hula na mayar, na durƙusa a kan tsakuwa kamar yana gabana.

Baba bai amsa gaisuwata da tsawo ba. Ya ce Idi ya kawo masa hoto wai ga aljanin da na kama, shi kuma ba ya yanke wa mutum hukunci bai ji daga bakinsa ba, ko da ya makara.

"Sagiru, wannan ɗigon, me ya ce maka zai faru?"

"Baba, bai ce komai ba. Bai san gobe ba."

"To me kake dubawa a jikinsa?"

Na rasa ta inda zan fara, duk kalmomin da na sani sun riga sun ja mini. Sai zaurenmu ya faɗo mini a rai. Na ce, "Baba, baƙo ne. Haske ne da ya taso daga wuri mai nisa, yau ya iso. Aikina shi ne in tambaye shi yaushe ya baro gida."

Ina jin hayaniyar yara suna karatu a bayansa. Ya ce, "Yaushe ya baro?"

Na gaya masa. Na ƙara da cewa labarin da ke bakinsa na ranar da ya taso ne, abin da ya faru a garinsu bayan nan ban sani ba, ko wurin yana nan ko ya daɗe da shuɗewa, Allah kaɗai ya sani. Na ji ya yi tasbihi a hankali, ya sake yi.

"Wato kai duk dubanka baya kake dubawa."

"Baya kawai, Baba. Ko na yau ban sani ba."

"Akuyar Alhaji Tanko fa?"

"Baba, akuya ce, kuma kaka ce, ga gonar wake."

Sai na ji abin da na yi watanni ban ji ba. Baba ya yi dariya, irin wadda yake yi har ya kama gemu, yana cewa Idi, Idi, Allah ya shirye ka. Daga nesa na ji Kawu yana kare kansa, wai to kwasar fa, ai shi ba shi ya faɗa ba. Na bayyana kwasar, na bayyana Sahir da tsohuwar da ta ɗauke ni daga bakin titi ta ba ni rigar mijinta. Baba ya tambayi sunanta, ya ce in gaishe ta, in ce mata wani tsoho a Limawa ya gode. Sannan muryarsa ta sauka.

"Baƙon da ya yi irin wannan tafiya, bai kamata ya iso ya tarar ba kowa a zaure ba. Zauna ka tarbe su. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin, na sake cewa amin. Mai dafa abinci ya leƙo ya ga ƙato durƙushe a kan tsakuwa yana share ido, ya koma ya kawo mini wani ruwan ganyen, yana zaton tsaunin ne ya sake kama ni. Na karɓa na sha.

A gidan Mama Marta na yi azumin shekarar, ita ce ma ke leƙa taga tana gaya mini rana ta faɗi. Kiran masu neman duba ya ragu, ko da yake bai ƙare ba, don Kawu Idi har yanzu yana ganin akwai abin da muke ɓoye masa. Ranar salla da na kira gida Inna ta ba ni labari. Ta ce an wanke hoton ɗigon, yana nan a zaure. Wani mutum ya zo daga Takur ya durƙusa, ya ce Allah ya gafarta Malam, lambar yaron nan yake nema, yana da wata matsala da yake so a duba masa. Ta ce tana jin su daga tsakar gida, kuma tun da take da Malam ba ta taɓa jin ya yi taƙama da ɗa irin ta ranar ba. Ya gyara zama ya ce wa mutumin, "Kada ka wahalar da kanka, bawan Allah. Ɗan nawa ko abin da ake ciki yau bai sani ba."